Asabar a dajin Guédelon, wajen masu gini da hannu

Yanzun nan muka shigo, ƙafafuna sun yi tsami, takalmina kuwa ya rine ya koma ja saboda ƙasar wurin, amma wallahi ba zan iya kwanciya ba sai na rubuta abin nan tun yana da ɗuminsa.

Ana idar da sallar asuba muka bar Paris ni da mutumina ɗan Damagaram, shi ne ya aro mota wajen wani yayansa. Tafiyar awa biyu da 'yan kai ce, kudu muka nufa, wani yanki na Burgundi da suke ce wa Puisaye. Muna sauka daga babban titi gari ya canza, gonaki ne da kurmi da ƙananan tafkuna, ga fararen shanu ƙosassu marasa tozo suna kiwo ba makiyayi a bayansu. Ƙauyen da muka nufa sunansa Treigny, mun shiga wajen tara na safe shiru kamar an yi ruwa an ɗauke, tagogi duk a rufe, sai wata tsohuwa da muka gani rungume da dogon burodi. Akwai wata coci a tsakiyar garin wadda ta fi ƙarfin ƙauyen nesa ba kusa ba, har laƙabi suka yi mata wai katidiral ɗin Puisaye, wato babbar cocin yankin. Mun ɗan tsaya mun kalle ta daga waje muka wuce, don ba ita ta kawo mu ba.

Abin da ya kawo mu yana cikin daji can gaba kaɗan, Guédelon. Gidan sarauta ne na dutse mai ganuwa da hasumiyoyi irin na ƙarni na 13, zamanin sarkinsu Louis na 9, sai dai fa ba tsoho ba ne, yanzu ake gina shi. A 1997 aka kafa tushe kuma har yau ana kai. Sharaɗin da suka ɗaura wa kansu shi ne ba siminti, ba rodi, ba injin ɗaga kaya, ba lantarki a wajen aikin, sai abin da maginin shekara ɗari takwas da suka wuce zai iya samu ya kuma iya yi da hannunsa. Wani mutum mai suna Michel Guyot ne ya kawo tunanin, shi ne mai gidan sarautar Saint-Fargeau da ke kusa, da aka yi bincike aka gano akwai tsohon gini na dutse a ɓoye cikin bangon jan bulo na gidan nasa, daga nan ya fara tunanin to ya aka yi mutanen da suka gina irin wannan, a gwada mana a gani. Suka zaɓi wata tsohuwar mahaƙar dutse da aka yi watsi da ita saboda komai na nan wuri ɗaya, dutse, yumɓu, yashi, ruwa, ga itatuwa a kewaye.

Kafin ka ga ginin ƙara za ka fara ji, kwas kwas kwas na guduma a kan dutse daga ko'ina, sai ƙamshin hayaƙin itace. Ina jin wannan ƙarar jikina ya yi sanyi, don ni jikan magini ne, marigayi kakana a Zariya da tubali ya ci abinci har ya tsufa, kuma rabon da in tsaya wurin gini da ba a jin kukan janareto ko injin kwaɓa kankare na manta.

Wajen masu fasa dutse na fi daɗewa. Dutsen nasu mai ƙarfe-ƙarfe ne a jiki shi ya sa yake ja-ja haka kamar tsatsa. Mutumin ya huda ƙananan ramuka a jere, ya sa wasu guntayen ƙarafa a ciki, sai ya dinga bin su ɗaya bayan ɗaya da guduma a hankali, ba da ƙarfi ba sam, yana bugu yana kasa kunne. Ni da kunnena na ji lokacin da muryar dutsen ta canza, daga tsiriri ta koma wani irin dum, bugu biyu a gaba sai ga shi ya tsage biyu tsaf kamar an yanka sabulu. Mutumina ya dafa ni ya ce, malam ka gani ko? Na ce na gani, kuma na ji.

Sai igiyar awo. Igiya ce mai ƙulli 13, tsakanin kowane ƙulli da na gaba daidai wa daida, tazara 12 ke nan. In suna son kusurwar ɗaki ta fita cif sai su naɗe ta kusurwa uku, gefe ɗaya tazara uku, ɗaya huɗu, ɗaya biyar, shi ke nan an samu. Da ita dai suke zana da'ira a ƙasa da bakan ƙofa. Awonsu ma na jiki ne, tafin hannu, taƙi, ƙafa, kamu, an zana su a jikin sanda ɗaya wadda kowa ke bi don kada hannun wani ya fi na wani tsawo. Wannan lissafin uku huɗu biyar mun yi shi a sakandare a kan allo mun haddace don jarrabawa, yau ne na fara ganin an yi gini da shi.

Abin ɗaga dutsen kuwa wata ƙatuwar ƙafar katako ce kamar ƙafar keke, mutum zai shiga cikinta yana tafiya, tana juyawa tana naɗe igiya, a haka dutsen da ƙarti huɗu ba za su ɗaga ba yake hawa har saman bango. Doki ne ke jan amalanke yana kawo kaya. Akwai maƙera da aikinsu kullum wasa kayan masu sassaƙa da yin ƙusoshi, akwai masu tufka igiya, akwai masu yin fale-falen rufi da yumɓu suna gasawa, akwai mata masu rini da saiwoyi da ganye, har da wani ganye mai ba da shuɗi da ya tuna min da baba a marina. Kayan jikinsu irin na da ne, amma da takalmin kariya da tabarau a wajen masu fasa dutse, wannan kam dokar ƙasa ce ba a ɗaga musu ƙafa ba, kuma gaskiya na ga dacewar hakan, ido ba abin wasa ba ne.

Abin da ya fi burge ni, ko wane ka tsaya gabansa zai ajiye aiki ya amsa maka tambaya, cikin aikinsu ne ma yin bayanin. Na tambayi wani mai ɗora dutse me suke kwaɓawa, ya ce farar ƙasa ce da aka gasa da yashi da ruwa, ba ta bushewa da wuri kamar siminti, cikin bango tana daɗewa da danshi, shi ya sa ginin yake iya ɗan motsawa ya zauna da kansa bai tsage ba, kuma shi ya sa in sanyi ya shigo suke dakatar da ɗora dutse don ƙanƙara tana ɓata kwaɓin. Ya nuna min wata 'yar alama da aka sassaƙa a gefen dutse, kowane masassaƙi da tasa.

Akwai masu cewa wasa ne na jawo 'yan yawon buɗe ido, kuma e ana biyan kuɗin shiga, da shi ma ake biyan ma'aikata. Amma da gobara ta cinye rufin babbar cocin Notre-Dame a Paris a watan Afrilun 2019, aka tashi neman kafintocin da suka iya fafe gungume da gatari irin na da, cikin waɗanda aka samu har da waɗanda suka goge a wannan dajin. A nan ne raina ya sosu. Mu fa muna da Babban Gwani Mika'ilu wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya da ƙasa da azara tun wajen 1830 da 'yan kai, bakan gizon cikinsa har yau masana gini na zuwa kallo, unguwa guda ce ke amsa sunansa. Yau in aka ce a nemo matasa goma a birni da za su iya ɗaure bakan gizo da azara tun daga tushe, ina jin sai an sha wuya. Kakana ya rasu da abin da ya sani a hannunsa, cikin jikokinsa ba wanda ya zauna ya karɓa, har da ni.

Mun yi azahar da la'asar a bakin kurmi bayan inda ake ajiye motoci, muka ci burodi da cuku da tuffa da muka taho da su. Daga nan muka leƙa gidan sarautar Ratilly, shi tsohon gaske ne na ƙarni na 13, dutsensa launin ƙasa-ƙasa, masu ginin tukwane ne a cikinsa don yankin ya yi suna a tukwane. Saint-Fargeau kuwa daga waje kawai muka gan shi, jan bulo da manyan hasumiyoyi, rana ta riga ta yi sanyi ga hanya a gabanmu.

A mota na kira Baba ta WhatsApp na tura masa hotuna. Ya daɗe bai ce komai ba, can ya ce, to su da me suke shafe bangon kada ruwa ya ci? Na ce Allah ya ja kwana ai dutse ne ba ya son shafe. Ya ce haka ne, mu namu sai da makuba, ya fara ba ni labarin yadda suna yara ake aikensu tara ɓawon ɗorawa a jiƙa, da yadda ake haɗa laso da katsin marina da gashin akuya da dafara, abin da tunda nake ban taɓa jin ya faɗa ba. Na ce Baba don Allah dakata in ɗauko biro. Mutumina ya rage gudu ya kunna min fitilar cikin mota, na juya bayan takardar shiga Guédelon na fara rubutawa, har muka kai wajen biyan kuɗin hanya Baba bai gama ba. Ya ce gobe bayan azahar in sake kira, akwai wani tsoho a unguwarmu da ya yi aiki tare da kaka, zai aika a dubo ko yana gida.