Wa ya san iyakar gonar?

Yau na halarci zaman sulhu tsakanin mutum biyu da suka dawo daga gudun hijira, suna jayayya a kan gona ɗaya. Mai sasantawa ya tambaya ko akwai wanda ya san iyakar tun asali. Aka yi tsit. Can wata dattijuwa ta ce, "Ɗan nan, ai waɗanda suka sani su aka fara kashewa." Bishiyar da ake kwatance da ita ma an sare ta tuntuni. Ba takarda, ba shaida, kuma kowannensu da marayu a hannunsa. Ni dai ban ga maƙaryaci a cikinsu ba.

Mukan ɗauka da an daina jin ƙarar bindiga shi ke nan. A arewacin Uganda, bayan tsagaita wuta da 'yan tawayen LRA a 2006, mutane suka bar sansanoni suka koma ƙauyuka, sai rikicin filaye ya ɓarke tsakanin dangi da maƙwabta. Kolombiya kuwa sai da ta kafa doka a 2011 kan mayar wa korarru filayensu, tun kafin yarjejeniyarta ta zaman lafiya da 'yan tawayen FARC a 2016. Amma a zaman na yau, abin da ya fi tsaya mini a rai samarin da suka jeru bayan kowane ɓangare ne, ba aikin yi, suna cika suna batsewa. An ɗage zaman, damina kuma ba ta jiran kowa. Tsorona kada wani ya shiga gonar da fartanya kafin a yanke magana.