Sanyin daji ba irin na unguwar Aboabo ta Kumasi ba ne

Tunda Disamba ta kama samarin zango suka fara shirin fita, dama daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba gwamnatin Ghana na rufe farauta saboda lokacin haihuwar namun daji ne, yanzu an buɗe kowa na goge bindiga yana neman batirin tocila da lasisi, amma har yau ban ji mutum ɗaya yana maganar bargo ba. Abin na damuna wallahi.

Mu 'yan Kumasi ba mu san sanyi ba. Garinmu cikin kurmi yake, iska da danshi, hunturu kafin ya iso mana ya gaji, ka ɗora 'yar jaket ka tafi sallar asuba shikenan. Amma da zarar ka wuce Mampong ka gangara Ejura ka nufi Atebubu itatuwa sun ragu, fili ya buɗe, iska ta bushe ƙayau, sama ba gajimare, to duk zafin da ƙasa ta sha da rana da dare ficewa yake ba abin da zai tare shi. Da rana kana gumi a digiri 33 ko 35, kafin asuba wani daren ya sauko kusa da 15, ga iska, ga ka kwance a ƙasa.

Bara a wajen Atebubu muka sauka gefen wani rafi don kusa da ruwa. Cikinmu akwai wani yaro fitarsa ta farko ke nan, ya wuni yana bin karnuka rigarsa ta jiƙe sharkaf, da ita ya kwanta kan leda. Can tsakar dare na ji haƙoransa na kaɗawa kaf kaf kaf, na haska shi leɓensa ya yi fari ya tsage, ina masa magana yana amsawa a hankali harshe ya yi nauyi. Na tashi Kawu, dattijon da ke jagorantarmu, yana ganinsa ya ce maza a cire masa rigar nan. Ya tuɓe batakarinsa ya saka masa, ya naɗe masa kai da rawani, ya ce mu yanko busasshiyar ciyawa mai yawa mu shimfiɗa mu ɗora buhu a kai. Na ce Kawu ba wuta za mu fara ƙarawa ba? Ya ce ɗana ƙasa ce ke shanye shi, ka raba shi da ƙasa tukuna. Muka sa shi tsakiyarmu baya da baya, aka dafa shayi da citta da suga sosai yana kurɓa kaɗan kaɗan, sai wajen kiran assalatu bakinsa ya dawo daidai.

Kawu bai bari mun sake kwana a gurin ba, washegari kan tudu muka koma, don sanyi gangarowa yake ya taru a kwari da bakin ruwa. Nisan bai kai jifa biyu ba amma bambancin a jikinka za ka ji shi.

Abin da nake so a gane, rawar sanyi ita ce jiki ke kokawa, muddin mutum na karkarwa da sauran ƙarfinsa. Wanda ya daina karkarwa alhali bai ɗumama ba, yana sambatu ko barci na fizgarsa, wannan ba na daji ba ne kuma, a ɗora shi a babur ko aboboya, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, a nemi asibiti mafi kusa. Kuma dan Allah duk sanyin da ake kar a shigar da kurfoti da gawayi cikin tanti ko bukka a rufe, hayaƙin gawayi ba ya wari ba ya tada mutum, cikin barci yake kashewa. Wutar waje ma a share ciyawa kewaye da ita sosai, lokacin hunturu tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye gonar doya ko kashu ta mutane, mu kuma 'yan zango da mun bar gurin sunanmu ake kira.

Ruwan alwala a ɗumama shi a butar shayi, a shafa man kaɗanya a ƙafa da leɓe kafin a kwanta.

Duk mai shirin fita wannan satin ya biya kasuwar Kejetia wajen 'yan gwanjo ya sayi bargo mai kauri da hular sanyi da safa, ya ware riga ɗaya busasshiya a ƙulle cikin leda wadda ba zai taɓa ba sai lokacin kwanciya. In kuma da yaro a tafiyar, babba ya duba jakarsa da kansa kafin a hau mota.