Yadda muka rage cin itace a gidanmu

A gidanmu samo itace a wuyana yake, girki kuma na maiɗakina ne. Da dajin da muke sara ya yi ta ja da baya, sai ya zama rabin yini ake ɓatawa kafin a dawo da dami ɗaya. Da damina abin ya fi tsanani: ga aikin gona, ga itace a jiƙe. Muka koma ƙona kara da busasshen kashin shanu, abubuwan da ya kamata su ruɓe su koma taki, gonar kuwa ba ta jima ba ta fara nuna gajiya.

Shanya ce ta fara kawo mana sauƙi. Ɗanyen itace kusan rabin nauyinsa ruwa ne, sai wuta ta gama da ruwan nan kafin zafi ya kai ga tukunya, shi ya sa yake tsuwa yana tuƙa hayaƙi. Yanzu da rani nake sara, in faskara ƙanana, in jera a kan duwatsu ƙarƙashin rumfa yadda iska za ta ratsa. Kafin ruwa ya sauka ya bushe ƙarau.

Murhun duwatsu uku kuwa iska yake ciyarwa, yawancin zafinsa ta gefe yake tserewa. Maiɗakina ta gina na laka wanda ya rungume gindin tukunya, da baki ɗaya na sa itace. Da farko ta yi ta mita cewa ba ya saurin kamawa, daga baya ta gane ƙananan faskare biyu ko uku yake so, ba a cusa masa gungume. Tana rufe tukunya, in ta sauke ta kashe bakin wutar da yashi don gobe. Na kuma huda taga a madafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatar iskar cikin gida ta kashe mutum miliyan 3.2 a 2020, ga goyon da ke baya shi ma yana shaƙa tare da uwarsa.

Amma abin da ya fi yi mana rana shi ne daina ƙone kututture lokacin sharar gona. Dabarar ta bazu ne daga yankin Maraɗi na Nijar, inda wani masanin aikin gona ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, ya fara ƙarfafa ta a 1983. Kututturen da ake gani kamar ya mutu, saiwarsa na nan da rai a ƙasa. In ya yi toho sai ka zaɓi rassa uku zuwa biyar masu ƙarfi ka bari, ka datse sauran da kaifaffen gatari, saran ya riƙa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. Yana girma fiye da dashe nesa ba kusa ba, tunda ba sabuwar saiwa zai yi ba. Abin da ka datse kowace shekara shi ne itacen girkinka. Gawo ma ganyensa yake zubarwa da damina, ba ya yi wa shuka inuwa.

Wahalar ba ta wuce awaki da masu sara da dare ba. Awaki ƙaya ta isar musu. Mutane kuwa sai da muka zauna da maƙwabtan gona muka yarda cewa bishiyar da ke gonar mutum tasa ce, mai bukata ya tambaya a ba shi reshe.