Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Katangar Inna

Makon jiya mun tsaya inda na bar zanen manyan motoci a Kuseri ta Kamaru, na tsallako gada na kama shago a Injamena, babban birnin Chadi, ina rubuta allunan masu aski da masu gashi. Ana nan aka shiga 2015.

Ranar 25 ga Maris kotu ta ɗaure tsofaffin jami'an DDS su 20, wato 'yan sandan cikin tsohon shugaban ƙasa Hisen Habre, waɗanda suka gallabi ƙasar daga 1982 zuwa 1990. Hukuncin ya ce a biya mutum 7,000 diyyar sefa biliyan 75, a mayar da ofishin DDS gidan tarihi, a kuma gina hasumiyar tunawa da mamatan cikin shekara guda. Mu a teburin mai shayi lissafin biliyoyin muke ta yi. Inna kuwa, tsohuwar da shagona ke jikin gidanta, maganar hasumiyar ta riƙe.

Mijinta falke ne. Wani dare a 1987 aka zo da mota aka tafi da shi, daga shi sai 'yar shara. Wani da ya fito da rai ya ce ya gan shi a Fisin, wurin ninkayar nan na zamanin Turawa da aka rufe da kankare aka yayyanka shi ɗakunan kurkuku. Ba gawa, ba kabari. Ta ce mini har yau ba ta san ranar da ya kamata ta fara takaba ba.

Shekara ta zagayo, ko bulo ɗaya ba a aza ba. Ni dai ban yi mamaki ba, tunda mai mulkin lokacin, Idris Debi, shi ne ya taɓa riƙe wa Habre sojoji. Ranar 30 ga Mayun 2016 aka yanke wa Habre ɗaurin rai da rai a Dakar. Washegari sai ga Inna da katin shaidar mijin, a naɗe cikin leda.

"Ɗan nan, gwamnati ta iya gini in ta ga dama. Ba ka ga abin da suka tayar a Dandalin Ƙasa ba, don bikin shekara 50 da 'yanci? To ni katangata tawa ce. Zana mini shi."

Kafin in haɗa fenti magana ta kai kunnen Baba Malam, limamin unguwa. Ya tako har shago, ya ce zana mai rai ba ya halatta, balle a katangar da ke kallon masallaci. Inna ta ce, "Allah gafarta Malam, ai ba shi da rai." Ya yi shiru, ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce fuska dai a'a, amma suna babu mai hana shi, in yi masa zayyana irin ta allon sauka.

Haka aka yi. Na kankare katangar, na shafe ta da farar ƙasa, na ja zare na fitar da siffar allo har da mariƙinsa. Gefe na cika shi da saƙar ja da ruwan ɗorawa da kore, tsakiya na rubuta sunan da baƙi, ajami a sama, boko a ƙasa. Wurin ranar rasuwa na tambaye ta me zan sa. Ta ce in bar shi fari.

Wannan farin gurbin shi ya jawo mutane. Wani ɗan ƙabilar Hajarai ya zo da sunayen ƙannensa biyu, su ma a 1987 aka tafi da su. Wata Bazagawa ta kawo na 1989. Sai wata mata 'yar kudu daga unguwar Mursal, an kashe mahaifinta a Satumbar 1984, ta ce a sa masa gicciye. Duk muka juya muna kallon Baba Malam. Ya ce, "Katangar Inna ce." Inna ta ce in sa, amma ƙarami. Ban karɓi ko dala a hannun kowa ba, sai wanda ya zo da gwangwanin fentinsa. Hukumar binciken 1992 ta ƙiyasta mutum 40,000 aka kashe, katangarmu kuwa kafin azumi ya ƙare ta kai kusurwa, maƙwabci yana cewa kada a taɓa tasa.

Bayan sallah da 'yan kwanaki ina kan tsani sai ga mai unguwa da wani mutum sanye da baƙin tabarau, riƙe da ƙaramin littafi. Bai yi sallama ba. Ya bi sunayen ɗaya bayan ɗaya yana kwafewa, da ya gama ya ɗaga kai ya tambaye ni nawa sunan.

Mu haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.