Takarda ta ce an gyara, bindiga ta ce ba a gyara ba

Har yau idan na tuna sai jikina ya yi sanyi. Libarba ce Ruger Single-Six, tsohuwar ƙira mai sukuru uku, cikin waɗanda aka yi daga 1953 zuwa 1972. A hannun wani dattijo na saye ta nan Texas, saboda macizan da suka addabe mu a gona. Duk mai riƙe irinta ya san doka: gida shida gare ta, amma harsashi biyar ake zubawa, a kwantar da guduma, wato ƙarfen bayanta da ake ja baya kafin harbi, a kan gidan da ba komai. In ba haka ba gudumar na zaune ne daidai kan allurar da ke bugun harsashi. Bindiga ta faɗi a kan gudumar, ko wani abu ya buge ta, sai ta tashi ba wanda ya taɓa kunama.

Wannan ne ya sa kamfanin ya fito da sabuwar ƙira a 1973, daga baya kuma ya ce masu tsohuwar su aiko a sa musu ɗan ƙarfen tsakani kyauta, wanda ba ya barin guduma ta kai ga allura sai an ja kunama. Dattijon ya ce tawa an kai ta tuntuni. Har takarda ya miƙo mini. Na duba lamba, ta yi daidai. Daga ranar, da harsashi shida nake cika ta, ina hawa mota da ita, ina sunkuyawa gyaran shinge tana rataye a ƙuguna.

Wani maƙeri na kai wa ya duba mini saitinta. Ya zazzage harsasan, ya ja guduma baya a hankali, ya leƙa ciki, ya ɗago ya dube ni. Babu ƙarfen. Wurin fayau, allura tsirara.

Ashe kamfanin yakan dawo wa mutum da tsofaffin sassan a ɗan ƙunshi bayan gyara, don masu tara tsofaffin bindigogi sun fi daraja wadda take yadda ta fito. Daga waje kuma ba abin da ke canzawa, sukuru ukun na nan. To wani a baya ya karɓi gyara, ya dawo gida ya cire sabbin ya mai da tsofaffin, takarda kuwa ta ci gaba da bin bindiga hannu zuwa hannu. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Wanda ya san tasa ba a gyara ba, biyar zai zuba ya zauna lafiya. Ni aka ba takarda, aka bar ni da harsashi ƙarƙashin guduma.

Na aika ta kamfanin, ba dogon tunani. Masu cewa gyaran na ɓata laushin kunama ba ƙarya suke yi ba, na ji ɗan bambanci a yatsa, amma ni ba gasar harbi nake zuwa ba. Wanda tasa ta ado ce a kabad, ya bar abarsa, ban ga laifinsa ba. Wadda za ta shiga gona ko mota, ko gidan da wani zai iya ɗauka bai san tarihinta ba, a kai ta. Kuma ko wa ya sayar maka, ko da rantsuwa ya haɗa, ka zazzage ta ka ja guduma ka gani da idonka kafin ka zuba na shida.

Na koma wurin dattijon na faɗa masa. Ko gezau. Wai shi ma haka ya same ta, kuma ai tun zamanin kaboyi biyar ake zubawa, wa ya ce in cika ta? Na nuna masa takardar da shi da kansa ya ba ni, ya ce ai takardar ba ƙarya ta yi ba.