Duba shekara kafin ka nemi mai kisa

Duk wanda ya saba karanta labaran binciken kisa da aka gina a Ingilar zamanin Sarauniya Biktoriya ya san abin da ake fara tarbar sa da shi: hazo gauraye da hayaƙin kwal, fitilar gas tana ci ƙasa-ƙasa a bakin titi, ƙarar kofaton doki a kan duwatsu. Wannan ado ne mai daɗi, amma abin da ke hana mai karatu ajiye littafi har tsakar dare shi ne mai binciken bai fi shi kayan aiki ba. Babu kyamarar tsaro, babu wayar hannu da za a bi sawunta, babu gwajin ƙwayar halitta. Ido ne da kunne da tambaya da lissafin lokaci, kuma duk waɗannan kai ma kana da su. Shi ya sa tseren yake zama na gaskiya tsakaninka da shi.

Sai dai kafin ka shiga tseren, nemi shekarar labarin. Biktoriya ta hau mulki a 1837, ta rasu a 1901, kuma abin da ɗan sanda zai iya yi a farkon wannan zango ya sha bamban da na ƙarshensa. Rundunar 'yan sandan Landan an kafa ta a 1829, amma sashen 'yan sandan ciki bai samu ba sai 1842, da mutum takwas kacal. A 1877 aka kama wasu manyan jami'an sashen da karɓar cin hanci daga 'yan damfara, sai aka yi masa garambawul a 1878, aka samar da CID, wato sashen binciken manyan laifuka. To idan labari ya faru a 1850, mai bincike ɗaya ne daga cikin 'yan tsiraru, kuma jama'a na yi masa kallon ɗan leƙen asiri. Idan a 1879 ne, yana aiki ne a inuwar abin kunya, kowa na zargin a saye shi. Ga kuma wani abu da marubuta nagari ke amfani da shi: tsohon tsakiyar birnin Landan yana da tasa rundunar daban. A kashe-kashen mata da aka yi a unguwar Whitechapel ta Landan a 1888, ɗaya daga cikin matan a yankin wannan ƙaramar runduna aka kashe ta, sai bincike ya rabu hannu biyu.

Shekarar ce kuma za ta gaya maka abin da marubuci ba shi da ikon ɗaukowa. Ofishin zanen yatsa na Scotland Yard, hedikwatar 'yan sandan Landan, a 1901 aka buɗe shi, hukuncin farko da aka yanke da irin wannan shaida a Ingila kuwa sai 1902. Gwajin da ke bambanta jinin mutum da na dabba shi ma 1901 ne. Saboda haka idan an ga jini a hannun rigar mahauci a 1870, ya ce na tunkiya ne, likita ba shi da tabbatacciyar hanyar ƙaryata shi. Marubucin da ya sa sufeto ya warware kisan 1885 da zanen yatsa a jikin kofi ya ci amanar wasan.

Inda ilimin kimiyya ya yi ƙarfi a wancan zamani shi ne guba, kuma a ganina nan ne waɗannan labarai suka fi armashi. Arsenik farar hoda ce, kusan ba ta da ɗanɗano, ga araha, ana sayenta don kashe ɓera, tana cikin takardar kama ƙuda da koren fentin takardar manna bango. Wanda ya ci zai yi ta amai da gudawa da ciwon ciki, alamun da likita zai iya ɗauka kwalara ce ko ɓacin ciki, ya rubuta takardar mutuwa a wuce wurin. Amma a 1836 James Marsh ya fito da gwajinsa. Ana zuba abin da aka ɗebo daga cikin mamaci a kwalba tare da tutiya da asid. Idan akwai arsenik, wata iska za ta taso ta bi siririn bututu. Sai a kunna mata wuta a bakin bututun, a kara tangaran mai sanyi, nan take wani tabo baƙi mai ƙyalli kamar madubi ya kwanta a jikinsa. Wannan tabon ake ɗauka a nuna a kotu. Kuma da yake arsenik na daɗewa a jikin gawa, har a gashi da farce, ana iya tono kabari bayan watanni a same shi.

Gwajin yana da ramukansa, kuma marubucin da ya san aikinsa a cikinsu yake ɓoye tarko. Wani sinadari mai suna antimoni yana barin tabo mai kama da wannan, sai an ƙara wani gwajin kafin a raba su. Mafi muni, kayan gwajin kansu kan zo da arsenik a ciki. A shari'ar likita Thomas Smethurst ta 1859, fitaccen masanin guba Alfred Swaine Taylor ya ce ya gano arsenik, daga baya ta bayyana cewa daga jan ƙarfen da ya yi gwajin da shi gubar ta fito. An yanke wa Smethurst hukuncin kisa, aka dawo aka yi masa afuwa. Don haka idan ka ga masani a labari yana rantsuwa da sakamakonsa, tambayi inda ya sayo kayan aikinsa.

Ka kuma riƙe dokar 1851. Daga wannan shekara mai sayar da arsenik dole ya rubuta sunan mai saye da dalilinsa a littafi, mai sayen ya sa hannu, kuma a gauraya hodar da baƙin hayaƙi oza ɗaya ko shuni rabin oza a kowane laba guda, don kada ta saje da gari ko sukari. Labarin da ya faru bayan 1851 dole ya amsa tambayoyi biyu: sunan wa ke cikin littafin mai magani, kuma in farar hoda aka samu, daga ina ta fito? Jiƙa takardar kama ƙuda a ruwa na ɗaya daga cikin amsoshin, kuma maganar ta taso da gaske a shari'ar Florence Maybrick a Liverpool a 1889.

Bayan guba sai lokaci. Yawancin waɗannan labarai a kan "ina kake da ƙarfe kaza" suke tsayawa, kuma zamanin ya ba marubuci kayan wasa masu yawa. Kafin jirgin ƙasa ya tilasta wa kowa bin agogo ɗaya, kowane gari da nasa lokacin. Agogon Bristol yana bayan na Landan da kusan minti goma, kuma doka ba ta mayar da lokacin Greenwich na ƙasa baki ɗaya ba sai 1880. Minti goma ya isa mutum ya sauka daga bene, ya aikata abin da zai aikata, ya koma. A ƙarshen ƙarnin ana raba wasiƙu sau da yawa a rana a Landan, ka aika da safe ka sami amsa kafin la'asar, don haka hatimin gidan waya shaida ce mai ƙarfi. Tangarahu kuwa tun 1845 ya kama mai kisa: John Tawell ya sa wa wata mata guba kusa da Slough, ya hau jirgi zuwa tashar Paddington a Landan, saƙon da ke siffanta tufafinsa ya riga shi isa. A 1864 Franz Müller ya kashe wani dattijo ma'aikacin banki a cikin taragon jirgin ƙasa, lokacin da ɗakunan tarago ba su da hanyar shiga juna, ya manta hularsa ya tafi da ta mamacin. Ya hau jirgin ruwa mai tafiya da iska zuwa New York, 'yan sanda suka bi shi a mai tururi, suka riga shi sauka suka zauna jiransa. Da a 1867 ne, wayar ƙarƙashin teku da aka shimfiɗa a 1866 ta rage musu wahala. Shekara uku kawai, amma labari biyu ne daban.

Kuɗi kuma ka koyi lissafinsu sau ɗaya ka huta. A wancan zamani fam ɗaya sule 20 ne, sule ɗaya kwabo 12, kuɗin da ake kira gini kuwa sule 21, da shi ake biyan likita da lauya. 'Yar aikin gida sau da yawa ba ta samun fam 20 a shekara. To idan an miƙa mata fam biyar don ta yi shiru, albashin wata uku ne ko fiye, ba abin da za a raina ba. Dalilin kisa ma sau da yawa a doka yake kwance. Kafin dokokin 1870 da 1882, dukiyar mace na komawa hannun mijinta da zarar an ɗaura aure. Dokar saki ta 1857 ta bar miji ya rabu da mata saboda zina kaɗai, ita kuwa sai ta ƙara da wani laifin, kamar duka ko ƙaurace mata. Mai karatun da ya san wannan ba zai tsaya tambayar me ya sa ba ta fita kawai ba.

Sannan gidan kansa. Babban gida na da matakala biyu, ta masu gida da ta barori, kuma barorin su ke hura wuta, su kai ruwan zafi, su kwashe wanki, su san wanda bai kwana a gadonsa ba. Masu gida ba sa ganinsu, marubuci kuma yana fatan kai ma ba za ka gan su ba. Ɗan sanda shi ma talaka ne, sau da yawa ta ƙofar baya ake shigar da shi. Kisan da aka yi a gidan Road Hill a 1860 ya nuna nauyin wannan. An kashe yaro ɗan shekara uku, aka turo Sufeto Jonathan Whicher daga Landan. Ya lura rigar barci guda ta ɓace daga lissafin kayan wanki, ya zargi yayar yaron, Constance Kent, mai shekara 16. Jaridu suka yi masa ca, wai ɗan talaka ya taɓa mutuncin 'yar babban gida, aka sake ta, sunansa ya zube. A 1865 ta zo da ƙafarta ta amsa laifin. Littafin da ya sa sufeto yana daka wa matar mai gida tsawa a falonta ba tare da ya biya farashin hakan ba, bai fahimci zamanin ba. Haka wanda ya sa mace cikin kakin 'yan sanda, abin da bai faru ba sai lokacin Yaƙin Duniya na Farko. Mace mai bincike tana yiwuwa, amma ta hanyar da zamanin ya bar mata: malamar yara, mai jinya, bazawara mai kai ziyara, masu shiga ɗakunan da namiji ba ya shiga.

Abin da ke sa gaban mai karatu faɗuwa a babin ƙarshe shi ne kuskure ba ya gyaruwa. Zaman farko na gano sanadin mutuwa sau da yawa a ɗakin mashaya ake yin sa, maƙwabta cike da wurin. A kotu, wanda ake tuhuma ba shi da damar yin rantsuwa ya ba da shaida don kare kansa sai bayan dokar 1898. Kotun ɗaukaka ƙarar manyan laifuka ba ta zo ba sai 1907, abin da ya rage wa wanda aka yanke wa hukunci shi ne roƙon ministan cikin gida. Har zuwa 1868 a bainar jama'a ake rataya, kuma ba a jinkiri. Müller an same shi da laifi a ƙarshen Oktoban 1864, aka rataye shi ranar 14 ga Nuwamba a ƙofar gidan yarin Newgate. Idan mai binciken labarinka ya gane a shafi na ɗari biyu cewa ba mai laifin aka kama ba, kwanakin da suka rage masa ba su wuce mako biyu zuwa uku ba, kuma jirgin da zai kai shi wurin shaidar ƙarshe yana da lokacin tashinsa.