Godiya ga Allah, sannan ga Baba mai gadi

Alhamdulillahi. Alhamdulillahi. Jiya da la'asar ɗalibi na ƙarshe ya tashi daga kan kwamfuta, babu wanda na'urarsa ta yanke, babu wanda aka ce ya koma gefe ya jira. Na dawo gida na yi magariba, ban san lokacin da barci ya kwashe ni a kan dadduma ba. Shi ya sa sai yanzu kuke ji daga gare ni.

Ba sai na maimaita muku makonni ukun nan ba, tare muka yi su. Kun san yadda kwamfutocin cibiyar jarrabawar da nake kula da layin sadarwarta suka riƙa ɓacewa daga layi ɗaya bayan ɗaya, kun san tsohuwar takardar Excel ta adireshin na'urori da na gada, wadda hannu huɗu suka yi rubutu a cikinta kowa da salonsa. Kun kuma san ranar da na haƙura da ita na ce zan rubuta 'yar manhajata da harshen kwamfuta na Python, wadda ake ba wa umarni a baƙin allo, ba hoto ba maɓalli. Umarni uku na ba ta, kuma da Hausa na sa musu suna: raba, don rabon adireshi; nema, don gano inda babu kowa; duba, don gano karo.

Gwaggo ta tambaye ni a waya wai me nake rabawa har na rame haka. Na ce mata fuloti. Kuma gaskiya na faɗa mata. Kowace na'ura a kan layin sadarwa sai da adireshinta na lambobi, irin adireshin da ake kira IPv4 kuwa duk duniya bai wuce biliyan 4.3 ba, babban rumbunsa ma ya gama rabo tun Fabrairun 2011. Don haka a cikin gida muke aiki da zangunan adireshi, wato lambobi a jere, da aka keɓe tun 1994, masu farawa da 10, da 172.16, da 192.168. Kowa na iya ɗauka kyauta, amma ba wanda zai riƙe maka littafin iyaka. Kai ne mai unguwa, kai ne mai awo. Ka sayar wa mutum biyu fuloti ɗaya, rigima ta tashi, kuma na'ura ba ta zuwa ta kai ƙara, shiru kawai take yi.

Daren Juma'a nake so in ba ku, don shi ne ba ku sani ba.

Wajen ƙarfe biyu na gama shigar da duk zangunan, na rubuta duba. Sai ta fito mini da layi ɗaya: zangon zauren jarrabawa, 10.10.0.0/22, ya yi karo da na kyamarori, 10.10.2.0/24. Na ce ƙarya ne, kuskure na yi a rubutun manhajar. Na ɗauki biro na lissafa a bayan kwalin kebul. Zangon /24 adireshi 256 ne, a cire na farko da na ƙarshe saura 254, kuma da ya yi wa zauren kaɗan sai wani ya faɗaɗa shi zuwa /22, wato 1,024, daga 10.10.0.0 har 10.10.3.255. Kyamarorin suna zaune a tsakiyar filin. Rauta, na'urar da ke raba adireshi, tana ba kwamfutar ɗalibi adireshin da kyamara ta riga ta riƙe. Ciwon da muka yi makonni muna canza masa kebul da suwic ɗin da ke haɗa kwamfutoci, har sau biyu ina zuwa kasuwar Farm Centre a Kano, ga shi a layi ɗaya.

Ban gama murna ba wuta ta ɗauke. Batirin inbata ya riga ya mutu tun ƙarfe goma sha ɗaya, ƙaramin janareton ya yi tari biyu ya tsaya, babu mai. Laftof ɗina saura kashi 6. Ƙarfe bakwai na safe yara za su cika ƙofa, wasu daga Bichi, wasu daga Wudil, iyayensu sun biya kuɗin mota da ƙyar. Wallahi na zauna a ƙasa cikin duhu, hannuna na rawa, ba abin da nake iya faɗa sai Hasbunallahu wa ni'imal wakil.

Sai na ga hasken tocila. Baba mai gadi ne. Ya ce, "Ɗana, lafiya na ji ka yi shiru?" Na ce, "Baba, na gano ciwon, amma mai ya ƙare." Bai ce komai ba ya fita. Na jiyo motsi a tsakar gida, na leƙa, sai na gan shi tsugune gefen babur ɗinsa da tiyo a baki yana zuƙo mai cikin galan. Na ce, "Baba, da me za ka koma Dorayi?" Ya tofar da abin da ya shiga bakinsa ya ce, "Ƙafa tana nan. Je ka ka yi aikinka."

Da man nan na rubuta nema, ta ba ni 10.10.8.0/24 babu kowa a ciki, na kwashe kyamarorin ɗaya bayan ɗaya na mai da su can. Ana kiran assalatu na sake rubuta duba, ta ce babu karo. Baba ya hana ni ambatonsa, ya ce abin da aka yi don Allah ba a shelarsa. Baba, ka yafe mini, ban iya yin shiru ba. Allah Ya haskaka maka kabarinka kamar yadda ka haskaka mini daren nan, Ya raya maka zuri'a, Ya sa ka je Makka da ƙafarka, Ya sa aljanna ce makomarka.

Malamina na makaranta, wanda ya fara nuna mini yadda ake lissafin zango da hannu kafin a taɓa kwamfuta, ba don kai ba da na ƙaryata manhajar na goge layin. Allah Ya ƙara wa rayuwarka albarka, Malam. Abokina na Legas da ya nuna mini cewa Python ta zo da sashen ipaddress a cikinta, ya hutar da ni rubuta lissafin daga tushe, Allah Ya biya ka. Mai shayin bakin layi da ya riƙa aiko mini da kofi ba ya tambayar kuɗi. Maiɗakina, wadda ta riƙe gida da yara ita kaɗai, ba ta taɓa nuna mini gajiya a fuska ba. Umma, na san ba ki kwanta ba a daren nan, na ga kiranki sau uku. Allah Ya bar mana ke.

Akwai 'yan uwan da gidajenmu ba su fi tafiyar adaidaita ɗaya ba, makonni uku ko "ya aiki" ban ji daga gare su ba. Na san a wajensu danne-danne ne kawai nake yi. Ba komai, Allah Ya bar zumunci.

Masu tambayar manhajar, zan ba duk mai so, ku bari in huta in ƙara mata IPv6, sabon tsarin adireshi, tukuna. Yau da safe na kai wa Baba mai galan guda, ya ƙi karɓa sai iya abin da ya zuƙa, sauran ya ce a zuba a janareto.